Jirgin da Ake Aikawa a Ambulan

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa a hankali)

MAI GABATARWA: Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na faɗakarwa.

Yau bakin teku za mu nufa. Za mu yi magana a kan ƙananan jiragen ruwa waɗanda ba inji ke tura su ba, ba kuma tuƙi da hannu ba. Doguwar sanda ake kafawa a tsakiyar jirgin, a ɗaura mata babban ƙyalle, iska ta cika ƙyallen, jirgi ya kama hanya. Tambayar da za mu bi diddiginta ita ce: idan mutum ya ƙirƙiro jirgi mai siffar da ba a saba gani ba, ya tabbata a ransa cewa jirgin nan nagari ne, amma jama'a suna ɗari-ɗari da shi, masu kamfanoni kuma sun ƙi kallonsa, ta wace hanya zai sa a karɓe shi?

Kafin mu amsa, mu yi wa mutanen ruwa adalci. Duk duniya, masunta da matuƙa ba sa saurin yarda da sabon abu, kuma suna da gaskiya. Wanda ya sayi sabuwar kujera ta karye, asarar kuɗi ya yi. Wanda ya shiga sabon jirgi ya ɓalle a tsakiyar ruwa, rai ake magana. Saboda haka mai sana'ar ruwa yakan riƙe irin jirgin da ya gada, domin shi aka gwada shekara da shekaru. Talla ba ta isa ta sauya masa ra'ayi, daɗin baki ma haka.

To amma an samu wasu mutane da suka gano wata hanya. Maimakon su sayar da jirgi, sai suka ba mutane takardar zane: ga awo, ga yadda za ka yanka, ga yadda za ka haɗa, je ka gina abinka a tsakar gidanka da kuɗi kaɗan. Labarin uku daga cikinsu za mu kawo muku, ɗaya daga Amurka, biyu daga Ingila. Ku biyo mu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

MAI GABATARWA: Dukkan labaran nan uku a kan abu guda suka tsaya, wato filawud, katakon nan mai falle-falle da kafintocinmu ke yin durowa da silin da shi. A da, gina jirgin katako aiki ne na gwanaye. Sai an nemo itacen da ya dace, a sassaƙa haƙarƙarin jirgi ɗaya bayan ɗaya, a lanƙwasa katako da tururi, a jera shi, a toshe tsakani. Mutum kan yi shekaru yana koyo a gaban maigidansa. A shekarun 1930 aka samo gam ɗin da ruwa ba ya narkar da shi, aka fara manne fallayen katako da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu an yi jiragen ruwa na soja da filawud, har da jiragen sama. Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai filawud ya wadata a kasuwa, kuma awonsa ɗaya ne kusan ko'ina: ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Ku riƙe wannan awo, za ku ji amfaninsa yanzu. Wani abin sha'awa kuma, mafi shaharar itacen da ake yin filawud na jiragen ruwa da shi a yau, wanda ake kira okume, daga nan Afirka yake fitowa, musamman ƙasar Gabon.

Labarinmu na farko ya faru a 1947, a garin Clearwater da ke jihar Filorida ta Amurka. A lokacin, yaran Amurka na yayin tseren ƙananan motocin katako marasa inji, waɗanda ake gangarowa da su daga kan tudu. To Filorida shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba tudu, amma ga ruwa ta ko'ina. Wani tsohon soja, Manjo Clifford McKay, ya je wa wata ƙungiyar taimakon yara ta garin, mai suna Optimist, da shawara: me zai hana a sama wa yaran nan ƙaramin jirgi su riƙa tsere a ruwa? Daga nan ya nufi wurin wani maginin jiragen ruwa na garin, Clark Mills, ya gindaya masa sharaɗi: jirgin kada ya wuce dala 50, kuma ya zama wanda uba da ɗansa za su iya haɗawa a gida.

Mills bai fara da tunanin kyau ba, da fallen filawud ya fara. Tunda falle ƙafa 8 ne, jirgin dole ya gaza ƙafa 8, don kowane gefe ya fita daga falle guda ba tare da haɗi ba. Tunda yi wa jirgi tsinin goshi na cin katako da lokaci, sai ya datse goshin ya bar shi a shafe. Abin da ya fito ɗan jirgi ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa kamar mita 2.3, da ƙaramin ƙyalle guda ɗaya wanda yaro zai iya sarrafawa da igiya ɗaya a hannu. Ga idon wanda ya saba da jiragen alfarma masu siririn goshi, wannan ba abin kallo ba ne. Amma ɗan McKay, yaro ɗan makaranta, ya shiga ya tuƙa shi, jirgi ya tafi daidai, bai kife ba.

Abin da Mills ya yi bayan haka shi ne ginshiƙin labarin. Ya ɗauki zanen ya ba ƙungiyar kyauta, bai nemi ko kwabo a kan kowane jirgi da za a gina ba. 'Yan kasuwar garin suka riƙa ɗaukar nauyin jirgi ɗaya ɗaya, ana rubuta sunan shagonsu a jiki. A 1949 gobara ta cinye rumbun da ake ajiye jiragen yaran. Gidan rediyon garin ya yi yekuwa, jama'a suka kawo gudummawa, aka sake gina wasu. Da jirgin mai tsada ne, da wannan gobara ta zama ƙarshensa.

A 1954 wani ɗan ƙasar Denmak, Axel Damgaard, ya kai zanen ƙasarsu. Daga can ya bazu cikin Turai. A 1962 aka yi gasar duniya ta farko a Ingila, a 1965 aka kafa ƙungiyarsa ta ƙasa da ƙasa. Yau ana tuƙa jirgin Optimist a ƙasashe sama da 100, har da na Afirka irin su Masar, Tunisiya, Angola da Afirka ta Kudu. Yara ne ke tuƙa shi har zuwa shekara 15, kuma da yawa daga cikin zakarun tseren jiragen iska na gasar Olamfik a cikinsa suka fara, ciki har da Ben Ainslie na Birtaniya da Robert Scheidt na Birazil.

(Ɗan gajeren kiɗa)

MAI GABATARWA: Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda takardar zane mai araha ke sa jama'a su karɓi jirgin ruwan da ba su saba da shi ba.

Labari na biyu daga Ingila yake, a farkon shekarun 1960. A can, tuƙin jirgin iska wasan masu hannu da shuni ne a wancan lokaci. Akwai wani mutum, Barry Bucknell, wanda ya yi suna a talabijin na BBC wajen koya wa mutane gyare-gyaren gida da hannunsu. Ya gina wa ƙaramin ɗansa wani ɗan jirgi ta wata sabuwar dabara. Jaridar Daily Mirror, wadda galibin masu karanta ta ma'aikata ne da talakawa, ta ga abin ta yi sha'awa. Aka haɗa Bucknell da wani gwanin zanen jirage, Jack Holt, suka gyara shi, aka sa masa sunan jaridar, Mirror, aka yi masa jan ƙyalle irin launin tambarinta. A 1963 aka baje shi a kasuwar nunin jiragen ruwa ta Landan. Kuɗin kayan haɗinsa gaba ɗaya fam 63 da sule 11. Dattawanmu da suka yi zamanin fam da sule za su iya auna wannan kuɗi a ransu.

Dabarar da na ambata ita ce ɗinki da gam, wadda wani malamin koyar da aikin katako, Ken Littledyke, ya fara amfani da ita wajen yin ƙananan kwalekwale. Bari in kwatanta muku ita dalla-dalla, domin a nan sauƙin yake.

Za ka shimfiɗa fallen filawud a ƙasa, ka fitar da awon da ke takarda a kansa da fensir, ka yanka da zarto. Yanzu kana da ɓangarori shimfiɗaɗɗu: na ƙasa, na gefe biyu, na gaba da na baya. Sai ka bi bakin kowanne kana huda ƙananan ramuka, tsakanin rami da rami kamar faɗin tafin hannu. Ka yayyanka wayar jan ƙarfe gajeru-gajeru. Ka haɗa bakin ɓangare biyu, ka zura waya ta ramin wannan ta fita ta na wancan, ka murɗe da filaya. Wanda ya taɓa ganin gyartai na ɗinke fasasshiyar ƙwarya ya riga ya fahimci aikin. Kana bi kana murɗawa, sai ka ga katakon da ke kwance ɗazu yana tasowa, yana lanƙwashewa da kansa, cikin jirgi na fitowa, domin siffar tana ɓoye ne a cikin yankan. Idan ka duba ka ga bai karkace ba, sai ka kwaɓa gam mai ƙarfi, ka shimfiɗa siririn ƙyallen faiba a kan kowane ɗinki, ka shafe shi da gam ɗin har ya jiƙe. Ya kwana ya bushe, ka datse kawunan waya, ka yi wa bayan jirgin haka, ka goge da sanfefa, ka yi fenti.

Kayan aikin da ake bukata ba su wuce zarto, abin huda, filaya da buroshi ba. Malamin makaranta da direban bas suka riƙa gina Mirror a gareji, wasu ma a cikin falo. Tsawonsa mita 3.3, mutum biyu na iya ɗaga shi su ɗora a kan rufin ƙaramar mota. Shi ma goshinsa a datse yake, kuma 'yan gargajiya sun yi ta yatsina fuska. Amma zuwa yau an gina sama da 70,000. Jarida ta yi abin da maginin jirgi shi kaɗai ba zai iya ba: ta shigar da maganar jirgin cikin gidajen da ba a taɓa tunanin mallakar jirgi ba.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

MAI GABATARWA: Jirage biyun da muka ambata ƙanana ne, na tafki da bakin gaɓa. Labari na uku ya fi su nauyi, domin jirgin da ke cikinsa na tsallaka teku ne, kuma siffarsa ta fi zama baƙuwa.

Jirgin da Turawa suka sani ƙwarya ɗaya gare shi. Don kada iska ta kifar da shi, sai a maƙala masa nauyin dalma ko ƙarfe a can ƙasa. Iska ta kwantar da shi, nauyin ya tashe shi. Mutanen tsibiran tekun Fasifik kuwa wata hanya suka bi tun shekaru dubbai. Sukan jera dogayen kwalekwale biyu, da tazara a tsakani, su gitta musu katakai a sama su ɗaure, su yi dandamali a kai. Faɗin ne ke hana shi kifewa, ba nauyi ba. Shi ya sa ba shi da nauyi, yana da sauri, kuma yana shiga ruwa marar zurfi har ya hau yashi. Wannan tagwayen jirgi shi ake kira katamaran. Da irinsa kakannin mutanen Hawai da Tahiti da Niyuzilan suka isa tsibiransu. Amma a tsakiyar ƙarni na 20, masana da yawa a Turai na ganin irin wannan jirgi ba zai jure haukan babban teku ba, zai rabe biyu.

James Wharram, wanda aka haifa a Manchesta a 1928, bai yarda da su ba. Ya karanta labarin wani Bafaranshe, Éric de Bisschop, wanda ya gina tagwayen jirgi a Hawai ya tuƙo shi har Faransa tsakanin 1937 da 1938. Wharram ba attajiri ba ne, ba kuma injiniyan jirage ba. Ya gina nasa da filawud, tsawonsa mita 7 da ɗoriya, ya sa masa suna Tangaroa. A 1955 ya tashi daga Falmouth a kudancin Ingila tare da abokan tafiya biyu 'yan Jamus, Ruth Merseburger, wadda ita ce mai lissafin hanya, da Jutta Schultze-Rhonhof. Suka bi gaɓar Sifaniya da Fotugal har tsibiran Kanari, daga nan suka fuskanci tekun Atlantika. Sama da wata guda suna kan ruwa kafin su isa Tirinidad.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Abin juya akalar jirgin ya yi ta ba su matsala, tsutsar teku mai cin katako ta huda ƙasan jirgin, shafaffen gindinsa kuma ya yi ta dukan igiyar ruwa. Wharram ya ɗauki darasi. A Tirinidad ya gina wani mai tsawon mita 12, Rongo, wannan karon da gindi mai tsini wanda ke yanka ruwa. Daga Tirinidad suka kai shi New York, a 1959 suka tuƙo shi daga can zuwa Birtaniya. Wannan hanya ta arewacin Atlantika ta fi hatsari, kuma ba a taɓa ratsa ta daga yamma zuwa gabas da irin wannan jirgi ba kafin su. Gani ya kori ji.

Duk da haka, manyan masu harkar jirage ba su rungume shi ba. Mutanen da suka riƙa rubuto masa wasiƙa talakawa ne masu burin teku amma ba kuɗi. Daga tsakiyar shekarun 1960 ya fara zana musu jirage yana aika takardun ta gidan waya. Jirgi guda, mai iya kai mutum wata nahiya, yana shiga ambulan.

Ku ji irin shawarwarin da ya yanke don mai gini a gida. Bai sa ɗaki a kan dandamali ba, wurin kwana na cikin kwalekwalen biyu, don jirgin kada ya yi tsayi iska ta samu abin turawa. Dandamalin ya bar masa tsaga-tsaga, igiyar ruwa in ta hau sai ta zube ta ƙasa. Ƙyallen bai cika girma ba, ya gwammace a rage gudu da a kife. A zanukan da ya yi daga baya, katakan da suka haɗa kwalekwalen biyu da igiya ake ɗaure su, kamar yadda mutanen Fasifik ke yi. Za a zagaya igiyar sau da yawa a ɗame ta tamau, amma duk da haka tana da ɗan sassauci, ta yadda in ruwa ya ɗaga kwalekwale ɗaya kafin ɗaya, mahaɗin zai ɗan motsa maimakon ya tsage. Igiya kuma ana ganin lalacewarta da ido, ana sauya ta a ko'ina. Bayan haka, tunda kwalekwale biyu ne, mutum zai iya gina ɗaya ya gama, ya fitar da shi, sannan ya fara na biyu a wuri guda.

Akwai wadda ba za a manta da ita ba a wannan aiki, Hanneke Boon, 'yar ƙasar Holan, abokiyar zanensa ta shekaru masu yawa. Ita ta mayar da takardun suka zama hotuna daki-daki: ga hannu riƙe da katako, ga inda za a shafa gam, ga abin da ke biye. Wanda bai iya karatun zanen injiniyoyi ba, ko bai jin Turanci sosai, zai bi hoto ya gina. An sayar da zanukan Wharram sama da 10,000. Wani matashi, Rory McDougall, ya gina ƙaramin samfurin da ake kira Tiki 21, mai tsawon mita 6 da 'yan kai, ya zagaya duniya da shi tsakanin 1991 da 1997. Kowane jirgi da aka gama ya zama shaida a tashar da ya tsaya, kowane magini ya zama malamin na bayansa.

A 2008, Wharram yana da shekara 80, shi da Boon da abokan aikinsu suka gina tagwayen jirage biyu a ƙasar Filifin, suka tuƙa su dubban kilomita zuwa ƙananan tsibiran Tikopia da Anuta a ƙasar Tsibiran Solomon. Da suka isa a 2009 suka miƙa wa mutanen wurin jiragen kyauta, don su samu abin zirga-zirga. Ilimin da ya aro daga Fasifik ya mayar wa masu shi. Ya rasu a 2021, lokacin da katamaran ya riga ya zama ruwan dare a tashoshin jiragen shaƙatawa na duniya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

MAI GABATARWA: Jama'a, wani zai ce ai araha ba ta ado. Maganar na da ƙamshin gaskiya, kuma wajibi ne mu faɗi inda wannan hanya ke da rauni.

Na farko, mai zane ba ya tsaye a kan mai gini. Takarda ta ce a sa filawud na ruwa, mutum ya je ya sayo na silin don ya fi sauƙi. Ranar farko ba za a ga bambanci ba. Bayan damina ɗaya fallayen za su fara rabuwa. In wannan jirgi ya nutse, sunan zanen ne zai ɓaci, alhali laifin na mai gini ne. Na biyu, ba duk wanda ya fara ke gamawa ba. Manyan jirage na cin shekaru, kuma akwai waɗanda suka ruɓe a bayan gida ba su taɓa ruwa ba. Shi ya sa masu hikima ke cewa a fara da ƙarami. Na uku, kowane zane da iyakarsa. Katamaran yana da wuyar kifewa, amma in ya kife ba ya tashi da kansa, saɓanin jirgi mai dalma a ƙasa. Mai zane na gari yakan faɗi wannan a fili, ya rubuta yawan mutane da nauyin kayan da jirgin zai ɗauka.

Na huɗu kuma abin takaici ne. Optimist ɗin da aka ƙirƙira don kada ya wuce dala 50, yau na gasa da faiba ake yin sa a masana'anta, kuma kuɗinsa dubban daloli ne. Nasara ta ja shi ta mayar hannun masu hali. Abin farin ciki, zanen katakon na nan, kuma har yanzu akwai makarantu da ƙungiyoyi da ke gina shi tare da yara.

To mene ne namu a ciki? Muna da mutanen ruwa: masunta da masu fito a Kogin Kwara da Binuwai, a tafkin Kainji da Tafkin Chadi, da gwanayen sassaƙa da haɗa kwalekwale irin na Yawuri. Manyan itatuwan da ake fafe kwalekwale da su suna ƙaranci. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, kuɗin tafiyar da inji ya zama babban nauyi. Kuma kusan kowace damina muna jin labarin kifewar jirgi da asarar rayuka, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bukatar jirgi mai inganci da araha a fili take.

Ba cewa muke a kwaso jirgin teku a jefa a kogi ba. Kowane ruwa da halinsa, kuma masu shi sun fi kowa saninsa. Abin ɗauka shi ne hanyar. Duk mai son kawo sabon abu, malamin kwalejin fasaha ne, ko injiniya, ko ƙungiyar taimako, ga abin da labaran nan suka koya mana. Ka fara shiga da kanka, a gaban jama'a, kamar yadda Wharram ya yi, kuma in ka ga aibi ka gyara kafin ka ba wani. Ka auna zanenka da kayan da ke kasuwar garin, kamar yadda Mills ya auna nasa da fallen filawud. Ka bayyana shi da hoto da harshen mutane, yadda kafintan unguwa zai gane ba tare da tafinta ba. Kada ka ƙulle shi a durowa don tsoron a kwaikwaya, domin kwaikwayon nan shi ne yaɗuwar. Sannan ka zauna da dattawan sana'ar tun farko, ka saurari gyaransu. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga kafintoci da ɗalibanmu kuma, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta daɗe da wallafa littattafan zanen ƙananan jiragen kamun kifi na katako da na filawud, kuma ana samunsu kyauta a intanet. Malamin aikin katako zai iya farawa da ɗan samfuri na kwali a aji, yara su yanka su ɗinka su ga yadda siffa ke tashi. In an kai ga gina na gaske, a gwada shi a ruwa marar zurfi, da buhunan yashi a madadin mutane, gwanayen ruwa na tsaye. Kowa ya sa rigar ruwa. Kada a yi lodin da ya wuce ƙima, kada a yi tafiyar dare. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Muna roƙon masu fito, masunta da kafintocin da ke jin mu su aiko mana da bayanin irin jirgin da suke amfani da shi, da abin da suke so a gyara a jikinsa, don mu karanta a shiri na gaba mu kuma miƙa wa masana. A madadin duk waɗanda suka taimaka shirin ya zo gare ku, nake cewa Allah Ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.

(Kiɗan rufe shiri)